Layar Zana A Hannun Talaka: Sharhi Kan Fim Ɗin Mr. India

Ƴan uwana ɗalibai, fim ɗin da zan yi sharhi a kansa ya girme mu duka. A shekarar 1987 aka yi shi a Indiya, kuma da yawanmu a bakin iyaye da yayye muka fara jin sunan Mugambo, tun ba mu san ko mutum ne ko aljani ba. Har gobe in aka ga mai mugun hali yana zare ido, sai ka ji wani ya ce, "Kai, wanga ai Mugambo ne." Fim ɗin da ya bar mana suna a cikin harshe ya cancanci a zauna a auna shi, a ga inda ya cika tiya da inda ya tauye.

Sunansa Mr. India. Shekhar Kapur ne ya ba da umarni, Boney Kapoor ya shirya, marubutan nan biyu Salim Khan da Javed Akhtar suka tsara labarin. Anil Kapoor ne jarumi, Sridevi jaruma, Amrish Puri kuma shi ne Mogambo, wanda bakinmu ya mayar Mugambo. Ana lissafa shi cikin finafinan ƙagen kimiyya, saboda dukkan labarin ya rataya ne a kan wata na'ura mai ɓatar da mutum daga ido.

Ga ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa. Fim ɗin ya yi hikima da ya ɗauki ikon ɓacewa ya damƙa wa talaka, wanda dama can ba a ganin shi. Amma ya kauce wa tambayar da wannan iko yake tayarwa, wato me mutum zai zama ranar da ya tabbata babu idon da ke kansa.

Labarin a taƙaice

Arun matashi ne mai kaɗa goge irin na Turawa, yana zaune a wani gidan haya a bakin teku a birnin Bombay. Ya tara marayu yana riƙonsu, tare da mai dafa musu abinci da ake kira Kalanda. Ba shi da kuɗi, bashi ya yi masa katutu. Don ya samu na haya sai ya ba wata ƴar jarida mai suna Seema ɗakin sama, ita kuwa ba abin da ta tsana irin hayaniyar yara.

Can a wani tsibiri akwai Mugambo, mai sojoji da makamai, wanda burinsa ya mallaki Indiya. Yaransa biyu, Daga da Teja, su ke gudanar masa da harkoki a cikin gari: caca, fasa-ƙwaurin makamai, da algus a kayan abinci. Suna son gidan Arun saboda yana bakin ruwa, ya dace da sauke kaya. Ana cikin haka Arun ya gano cewa mahaifinsa masanin kimiyya ne da aka kashe saboda wata na'ura da ya ƙera, mai kama da agogon hannu. Duk wanda ya ɗaura ta ya kunna, sai ya ɓace ɓat. Jan haske kawai ke tona shi, ko a dube shi ta jan gilashi. Da wannan na'ura Arun ya zama Mista Indiya, ya shiga yaƙi da Mugambo.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi

Mu Hausawa ɓacewa ba baƙon zance ba ce a wurinmu. Muna da layar zana, muna da baduhu. Amma ku lura da waɗanda ake jingina wa su a hira: ɓarawo, mafarauci, ɗan tauri, mayaƙi. A Turai ma kusan haka ne. Marubucin Ingila H. G. Wells, a littafinsa The Invisible Man na 1897, wani masani mai girman kai ya ba wannan iko, mai suna Griffin. Mr. India kuwa mutumin da ya rasa kuɗin cefane ya ba. Wannan zaɓi shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Kafin Arun ya samu na'ura, wa ke ganin shi? Mai gida kuɗin haya yake gani, mai kanti bashi yake gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ofis da tsohuwar riga, ana wuce shi ana gaida wanda ya zo bayansa da mota, ya san ɓacewa ba sai da laya ba.

Abu na biyu, fim ɗin bai tsaya ga bindiga da bam ba, ya sauko har cikin tukunya. Akwai wurin da yaran Mugambo suka tsorata mai kanti ya daina ba Arun bashi, marayu suka kwana da yunwa. Seema, wadda kullum take faɗa da su, ta lura gidan ya yi tsit, babu ihu babu wasan ƙwallo. Nan ta gane, ta kawo musu abinci. Ba a yi dogon jawabi ba, shirun yara ne ya faɗi komai. Duk wanda ya san gidan da hatsi ya ƙare a cikinsa ya san irin wannan shiru. Daga baya Mista Indiya ya iske azzaluman a wani babban gidan cin abinci, ya tilasta musu tauna tsakuwar da suke zubawa a abincin mutane, ya ɗauki teburinsu da duk abin da ke kai ya kai wa wasu mayunwata a bakin titi.

Mi ya sa wannan wuri yake taɓa mu fiye da faɗan ƙarshe? Don mun san zancen. A 2004 fari da fara suka ci amfanin gona a Nijar, a 2005 yunwa ta tsananta, kuma jihar Maradi tana cikin inda yara suka fi galabaita, har ƙungiyoyin agaji irin su likitocin MSF suka buɗe cibiyoyin kula da masu tamowa. Abin da ya fi ciwo shi ne hatsi bai ƙare a kasuwa ba, tsada ce ta fi ƙarfin talaka. Mu da muka taso tsakanin Hawandawaki da Tasawa da Mayahi ba sai an koya mana ba: manomi ya sayar da arha da kaka, ya dawo ya sayi tiya da tsada in damina ta yi nisa rumbu ya yi kango. Fim ɗin Indiya da aka yi kusan shekara 20 kafin wannan yunwa ya ɗauki tsakuwa a cikin shinkafa a matsayin laifin da ya kai a tayar da jarumi a kansa. Ina yaba masa da wannan ƙwarai.

Na uku, soyayyar da ke ciki tana da ma'ana fiye da yadda take a finafinai da dama. Seema ta kamu da son Mista Indiya, wanda ba ta taɓa gani ba, alhali tana raina Arun da take gani safe da yamma, ba ta san mutum ɗaya ba ne. Hausawa suka ce an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Murya ɗaya, hali ɗaya, amma sai da jikin talaka ya gushe sannan aka saurare shi. Ita kuma Sridevi ba ado aka kawo ta yi ba. Ƴar jarida ce mai shiga gidan miyagu da ɓad-da-kama don ta samo labari, kuma wurin da ta yi shigar Charlie Chaplin a gidan caca yana cikin abin dariya mafi kyau da na gani a fim ɗin Indiya. In aka cire ta, rabin ran fim ɗin ya tafi.

Na huɗu, aikin hannu. A 1987 babu irin kwamfutocin da ake haɗa hoto da su yau. Da dabarun kyamara aka sa kofi ya tashi shi kaɗai, kujera ta motsa, bulala ta yi duka ba a ga mai riƙe da ita ba. Kuma marubutan sun sa wa ikon iyaka. Jarumin da ba shi da lago ba ya sa gaban mai kallo ya faɗi. Jan haske shi ne lagon Mista Indiya, kuma an yi amfani da shi yadda ya kamata: a ƙarshe Mugambo ya cika fadarsa da jan haske, Arun ya daina dogara da na'ura, ya tunkare shi a fili da jikinsa na talaka. Haka kuma fim ɗin bai ji tsoron ɗaukar rai ba. Tina, ƙaramar yarinyar da kowa ya fi so cikin marayun, bam ya kashe ta. Ikon ɓacewa bai hana ba. Daga wannan wuri dariya ta ragu, mai kallo ya san abin ba wasa ba ne.

Inda ya yi rauni

Bari in fara da ƙaramin rauni, wato kimiyyar. Ku tuna darasin fizik. Muna ganin abu ne saboda haske ya faɗa kansa ya dawo cikin idonmu. Kafin mutum ya ɓace, dole haske ya ratsa jikinsa ya wuce kamar babu kowa. To amma shi ma da ido yake gani, kuma ido ba ya gani sai haske ya shiga ya tsaya a tantanin da ke can bayansa. In haske ya ratsa idon ya wuce, mutumin ya makance. Ke nan Mista Indiya na gaskiya sai an ja shi da sanda. Sannan batun jan haske: hasken rana da muke kira fari ya ƙunshi launuka, bakan gizo shaida ne, kuma ja yana cikinsu. In ja ke tona shi, ai da rana tsaka ya kamata a riƙa hango shi yana yawo jajir.

Wani zai ce, "Haba malam, fim ne fa." Na yarda, kuma ba na neman a mayar da gidan kallo aji. Matsalar ita ce fim ɗin bai ma yi ƙoƙarin tunani ba. Shi Wells ya zauna ya bi abin daki-daki. Griffin ɗinsa jikinsa kaɗai ya ɓace, don haka sai ya tuɓe tsirara cikin sanyin Ingila, sawunsa na fita a ƙasa, karnuka na jin warinsa, abincin da ya ci ana ganinsa kafin ya narke. Ɓacewa ta zame masa azaba. A Mr. India kuwa riga da hula da takalmi duk suna ɓacewa, ba wahala ba ciwon kai. In ka cire na'urar ka sa laya da boka ya ba shi, ba abin da zai sauya a labarin. Sunan kimiyya kawai aka ara.

Babban raunin yana nan gaba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Aflatun na Girka ya kawo labarin wani makiyayi mai suna Gyges da ya tsinci zobe. In ya juya shi sai ya ɓace. Me ya yi da shi? Ya shiga fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya hau gado. An kawo labarin ne don a tambaya: shin mutum yana gaskiya don yana son gaskiya, ko don yana tsoron a gan shi? Duk labarin ɓacewa mai nauyi a kan wannan tambaya yake tsaye. Griffin na Wells ya ƙare da sata da kisa. A fim ɗin Hollow Man na 2000, wanda Paul Verhoeven ya ba da umarni, masanin da Kevin Bacon ya fito a matsayinsa ya fara da leƙen mata, ya kai ga fyaɗe da kashe abokan aikinsa. Wannan fim yana da nasa aibin, don ya cika ƙazanta da zubar da jini, amma bai gudu daga tambayar ba.

Arun fa? Mutum ne da bashi ya shaƙe, yara na kwana da yunwa a gabansa, ga shi zai iya shiga kowane banki ya fito ba a sani ba. Ko sau ɗaya ba mu ga zuciyarsa ta raya masa wani abu ya yi kokawa da ita ba. Yadda ya shiga fim da kirki, haka ya fita, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ba cewa nake sai ya lalace ba. Cewa nake kirkin da ba a jarraba ba, ba mu san nauyinsa ba. Da an nuna shi dare ɗaya tsaye gaban akwatin kuɗin wani, hannunsa na rawa, sannan ya juya ya tafi, da mun fi girmama shi, da kuma mun koyi wani abu game da kanmu.

Ko a wajen soyayya haka ne. Akwai waƙar da Seema take rawa cikin ruwan sama da shuɗin sari, masoyin da ba a gani yana tare da ita. An ɗauke ta da kyau, ba musu. Amma ku tambayi ƴan uwanmu mata da ke cikin wannan ƙungiya: namiji da zai iya kasancewa a ɗakinki ba ki sani ba, abin waƙa ne ko abin tsoro? Fim ɗin The Invisible Man na 2020, na Leigh Whannell, ta wannan gefe ya dubi abin. Ya bi matar da ta gudu daga azzalumin namiji, shi kuma ya ƙera rigar da ke ɓatar da shi yana bibiyarta, tana faɗa ana cewa ta haukace. A nan kyamara tana tare da wadda ake kallo. Mr. India bai taɓa tsayawa ya ji yadda wanda ake kallo a ɓoye yake ji ba.

Kada ku ce wannan zancen nesa ne. Layar zana tana aljihun kowannenmu yanzu. Buɗe shafin Facebook da sunan ƙarya da hoton fure bai fi minti biyar ba. Muryar da ake turawa a WhatsApp ana ɓata sunan yarinya ko malami, ba a san bakin da ta fito ba, ita ma ɓacewa ce. Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, masu irin wannan iko a cikinmu sun fi kama da makiyayin Aflatun fiye da Arun. Fim ɗin da ya ce mana mutumin kirki in ya ɓace kirki kawai zai yi, ya yi mana daɗin baki.

Rauni na uku shi ne Mugambo kansa. Kada a fahimce ni baibai, Amrish Puri ya yi wasan da ba a mantawa. Gashin nan mai ruwan zinariya, rigar soja mai ado, yatsu cike da zobba yana ƙwanƙwasa hannun kujera, da muryar da ke sa yaro ya ɓuya bayan uwarsa. Wurin da ya umarci sojojinsa su faɗa cikin ramin ruwan guba suka faɗa ba gardama ya nuna mulkin kama-karya fiye da dogon bayani. Amma ku duba aikin da yake yi a labarin. Duk algus, duk tsada, duk tashin hankali, an tattara an ɗora wa wani baƙo da ke zaune a tsibiri. Ka kashe shi, ƙasa ta gyaru. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai zuba yashi a buhun hatsi ba daga tsibiri yake zuwa ba. Wanda ya danne gindin tiya, da wanda ya kimshe buhuna a sito yana jiran farashi ya hau, da mai sayar da maganin jabu, sahu ɗaya muke yin salla da su, tare muke zuwa suna da jana'iza. Su ne ainihin marasa ganuwa, kuma ba na'ura ta ɓoye su ba, kunya da tsoro da "ai namu ne" suka ɓoye su.

Daga nan rauni na huɗu ya fito. Mista Indiya yana kiran kansa talaka kamar kowa, amma talakawan fim ɗin ba su yi komai ba sai kallo da tafi. Ba su haɗa kai ba, ba su kai ƙara ba, ba su ƙaurace wa kantin mai algus ba. Mutum ɗaya mai abin mamaki a hannu shi ya yi musu duka. Irin wannan labari yana da daɗi, amma yana koya wa mutane zaman jira. Mu kuwa a wannan ƙasa mun daɗe muna jiran wani ya zo ya gyara.

Akwai kuma abin da bai kamata mu Afirkawa mu bari ya wuce ba. A waƙar da Sridevi ta shiga gidan miyagu da sunan mai rawa, an shafa wa wasu masu taya ta rawa baƙin fenti a fuska don a ba da dariya. Launin fatarmu ne aka mayar kayan wasa. Muna son finafinan Indiya, tun zamanin silima har zuwa na fassarar Hausa da ake tura mana a waya, kuma son ba laifi ba ne. Amma so bai hana a faɗa wa masoyi inda ya taka mu. Tsawon fim ɗin ma, kusan awa uku, ya yi yawa. Akwai barkwancin ofishin jarida da aka yi ta maimaitawa, wanda da an rage shi ba abin da za a rasa.

Hukuncina

Duk da waɗannan, ina cewa ku kalle shi, wanda ya taɓa gani ma ya sake. A wajen nishaɗi da tausayi da iya wasa, samun irinsa sai an tona. Shekhar Kapur ya nuna tun a nan cewa gwani ne, kafin ya yi Bandit Queen a 1994 da Elizabeth a 1998. A wajen zurfin tunani kuwa, fim ɗin ya tsaya a bakin rijiya ya leƙa, bai zura guga ba.

Gyaran da ya rage namu ne, mu masu koyon rubutu. A finafinanmu na Hausa, in mutum ya ɓace, yawanci boka ne ko aljani, a yi ƙara, a ga hayaƙi, shi ke nan. Ba a cika tambayar abin da ɓacewar ta yi wa zuciyarsa ba. Ina ba ƙungiyarmu shawara, a fitowa ta gaba kowa ya gwada gajeren labari a kan wannan: ɗalibi ɗan Hawandawaki ya tsinci layar zana, saura kwana uku jarrabawar BEPC, takardun tambayoyi na kulle a ofis, hatsi ya ƙare a gidansu, siton maƙwabcinsu kuma cike yake har rufi. Kada ku kawo masa Mugambo, kada ku kawo tsibiri. Ku bi shi daga magariba zuwa asuba, ku rubuta ƙofar da ya fara dosa, da abin da ya ce wa kansa kafin ya shiga.